Ni da kyanwata ciwo iri ɗaya muke yi, an ce sai na rabu da ita

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 29, shekara huɗu ke nan da aurena. Shekara biyu da suka wuce, bayan na daɗe ina fama da ciwon gaɓoɓi, zazzaɓin da ba ya jin magani, zubewar gashi da wasu ƙuraje a kumatuna, likita ya tabbatar ina da cutar lufus, wadda garkuwar jiki ke juyowa tana yaƙar jikin mutum. Ya ɗora ni a kan firednisolon da haidiroksikulorokwin. Na samu sauƙi, amma fuskata ta kumbura, na yi ƙiba, har ba na son duba madubi. Gaskiya yanzu in na sha firednisolon yau, sai in tsallake kwana biyu ko uku. Ɗayan kuwa na ajiye shi gaba ɗaya, tunda ban ga abin da yake yi min ba. Ban gaya wa likita ba.

Ina da kyanwa da na raina tun tana 'yar mitsitsiya. Watannin da na yi a kwance ita ce abokiyar zamana. Wata uku da suka wuce kunnuwanta da hancinta da gindin faratanta suka fara yin ɓawo. Likitan dabbobi ya ce femfigus ne, wai ita ma garkuwar jikinta ce take yaƙar fatarta, ya rubuta mata firednisolon. In nata ya ƙare nakan ɓantari nawa in ba ta.

Tunda mahaifiyar maigida ta ji haka ta ce kyanwar ce ta shafa min ciwo, kuma ita ce sanadin ɓarin da na yi bara. Shi kuma ya ba ni zuwa ƙarshen wata in fitar da ita daga gidan, ya ce ba zai iya jinyar mutum da ta dabba ba. Ni kuma wani lokaci sai in ga kamar ni ce na shafa mata. Ina so in sake samun ciki. Kwanan nan ƙafafuna suna kumbura, fitsarina yana kumfa, amma ina ganin gajiya ce. Anti, in rabu da ita ko in tsaya kan bakana?

Ƙanwarki da ta rasa tudun dafawa

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu da jiki, sannu da haƙuri, Allah ya sa kaffara ne. Na karanta wasiƙarki sau uku, kuma kowane karo a wuri ɗaya zuciyata take tsayawa, a kan maganar kumburin ƙafa da kumfar fitsari da kika jefa a ƙarshe kamar ba komai ba. Shi ya sa tun ranar da wasiƙar ta iso na aiko miki da ɗan saƙo na ce ki tafi asibiti, kada ki jira fitowar wannan amsa. Da shi zan fara a nan ma, kafin mu zo kan kyanwa, don gidanku ya bar jaki yana dukan taiki.

Lufus tana taɓa ƙodar mutane da yawa, tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin masu ɗauke da ita, kuma baƙar fata sun fi fuskantar wannan. Abin da ya sa take da haɗari shi ne ƙoda ba ta yin ciwo da farko. Matatar da ke cikinta ce take fara yoyo a shiru, sinadarin furotin da ya kamata ya tsaya a jini ya riƙa zuba cikin fitsari, shi ne kumfar da ake gani. Jini kuma in ya rasa abin da ke riƙe masa ruwa, sai ruwan ya taru a ƙafa da kewayen ido. Gwajin fitsari, gwajin jini na aikin ƙoda da awon hawan jini su ne za su nuna ko abin da ke faruwa da ke ke nan. In an kama shi da wuri ana shawo kansa, in aka bari ya yi nisa kuwa, tabon da ya bari a ƙoda ba ya goguwa. Kafin ki je, kada ki sha aibufurofen ko daikulofenak don ciwon gaɓa, suna ƙara wa ƙoda nauyi.

In kin shiga gaban likita ki gaya masa gaskiya ɗaya bayan ɗaya: kwana nawa kike tsallakewa, yaushe kika ajiye ɗaya maganin, da cewa kina raba naki da kyanwa. Na san akwai nauyi. Amma in kika ɓoye, zai ɗauka maganin ne ya gaza, ya ƙara miki mai ƙarfi a kan kuskure. Kuma ba ke ce ta farko da ta zauna a kujerar nan ta faɗi haka ba.

Ban ga laifinki ba da kika tsani abin da firednisolon ya yi wa fuskarki. Mace mai shekara 29 ta duba madubi ta ga wata daban, ga mutane suna cewa kin murmure alhali ke kaɗai kika san abin da kike ji, wannan ciwo ne a kan ciwo. Sai dai hanyar da kika bi gudun gara ne a faɗa gidan zago. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar gaɓa da ke haɗa sinadarin kotizol, wanda ke riƙe ƙarfin jini da sukarin jiki, musamman lokacin rashin lafiya. Firednisolon kwaikwayon wannan sinadari ne. In mutum ya wuce makonni kaɗan yana shan sa, gaɓar nan sai ta rage aiki tunda ana kawo mata daga waje. Ke shekara biyu kika yi. Duk ranar da kika tsallake, jikinki yana kwana babu na waje, na ciki kuma bai farka ba. Abin da kan biyo baya shi ne kasala mai tsanani, jiri, amai da faɗuwar jini, wani lokaci har mutum ya suma, kuma yana iya kisa. In ɗaya daga cikin waɗannan ya same ki, ko kika yi ta amai har ƙwayar ba ta zama a ciki, asibiti za a kai ki a wannan lokacin, ko da tsakar dare ne, kuma a gaya musu kin daɗe a kan wannan magani.

Wannan magani tun farkonsa haka yake, da alheri da sharri a haɗe. A 1948 ne likita Philip Hench na asibitin Mayo a Amurka ya fara gwada kotizon, kakan firednisolon, a kan wata mata mai shekara 29 kamar ke, wadda ciwon gaɓoɓi ya kwantar. Cikin kwanaki ta miƙe tana tafiya. A 1950 aka ba shi kyautar Nobel tare da wasu masana biyu. Ba a daɗe ba likitoci suka fara ganin kumburin fuska, ciwon sukari, hawan jini da laushin ƙashi a jikin waɗanda suka jima suna sha. Don haka su ma likitocin ba sa son ki dawwama a kan mai yawa. Shawarar da ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Turai ta fitar a 2023 ita ce a sauko da mai lufus zuwa miligiram 5 a rana ko ƙasa da haka, a janye shi gaba ɗaya in hali ya yi. Kin ga burinki da nasu ɗaya ne. Bambancin kawai, su mataki-mataki suke saukowa, a ba gaɓar nan lokacin farfaɗowa. Kumburin fuskar kuma yana sacewa in aka rage.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne maganin da kika ajiye, don shi ne tsanin da za ki taka ki sauka daga firednisolon. Haidiroksikulorokwin ba ya nuna aikinsa kamar maganin ciwon kai. Yakan ɗauki watanni kafin ya zauna a jiki, kuma babban aikinsa hana ciwon tashi ne, shi ya sa mai shan sa yake ganin kamar ba ya yin komai. A 1991 an wallafa wani bincike daga Kanada inda aka ɗauki masu lufus da ciwonsu ya lafa, aka bar wasu a kan maganin aka janye wa wasu. Haɗarin tashin ciwon ya ninka sau biyu da rabi a wajen waɗanda aka janye wa. Yana kuma taimakawa wajen kare ƙoda da rage daskarewar jini a jijiya. Abin da ake sa wa ido a kansa shi ne ido, don haka ake auna shi da nauyin jiki, kada ya wuce miligiram 5 a kan kowane kilo a rana, a duba bayan idon mutum lokacin da ya fara, sannan duk shekara in ya kai shekara biyar yana sha. Ki tambayi likitanki yadda za ki koma kansa, ki nemi takardar zuwa wajen likitan ido in ba a taɓa duba ki ba.

To, mu zo kan kyanwa. Ba ita ta shafa miki ba, ke ma ba ki shafa mata ba. Ki sa wannan a ranki ki huta da zargin kanki. Cututtukan da ake ɗauka, wata ƙwayar cuta ce take tashi daga jiki zuwa jiki. A naki da nata babu ƙwayar da za ta tashi. Garkuwar jiki, wadda aikinta gane baƙo ta yaƙe shi, ita ce ta rikice ta fara dukan na gida. Irin waɗannan cututtuka sun fi 80, kuma gado yana da hannu a ciki, tare da abubuwan da ke tayar da su kamar hasken rana da sauye-sauyen sinadaran jikin mace. Cikin masu lufus goma, tara mata ne, akasari a shekarun haihuwa. Na kyanwarki ma ba irin naki ba ne. A femfigus garkuwar tana kai hari ne ga abin da ke manne ƙwayoyin saman fata da juna, sai ƙananan ƙuraje masu ruwa su fito su fashe su bushe su zama ɓawo, a daidai wuraren da kika lissafa. Shi ne ya fi yawa cikin irin waɗannan cututtukan fata a kyanwa da kare. Abin da ya haɗa ku kawai shi ne maganin da ke kwantar da garkuwa, shi ya sa kuka tashi da suna ɗaya a takardar magani. Ki duba lokaci ma: kin shekara biyu da ciwonki kafin nata ya ɓulla. Kuma ina ganin da a hannun wanda bai san jinya ba take, da ƙazuwa za a kira shi a ƙyale ta. Ke ce kika lura kika kai ta.

Duk da haka ba zan ce tsoron maigidanki da mahaifiyarsa banza ne ba. Sun yi kuskuren suna, amma akwai abin tsoro na gaskiya a kusa da inda suke nunawa. Maganin da kike sha yana rage wa jikinki ƙarfin yaƙi da ƙwayoyin cuta, nata ma haka. Don haka akwai tambaya ɗaya da nake so ki koma ki yi wa likitan dabbobi: ya tabbatar ba makero ba ne? Makero a fatar kyanwa yana iya yin kama da femfigus, shi kuwa ana ɗaukarsa, kuma firednisolon ƙara masa ƙarfi yake yi. Ana rarrabe su ta hanyar gwada gashi da ɓawon, da kuma yanko ɗan ƙaramin yanki na fata a duba a madubin likita. In ya riga ya yi, ki roƙe shi ya rubuta miki a takarda cewa ciwon ba ya yaɗuwa. Takardar nan za ta yi miki amfani a gida fiye da bakinki.

Na biyu shi ne tokzofilazma, wata ƙwayar cuta da kan fita a kashin kyanwa, wadda ke da haɗari ga mai ciki da mai raunin garkuwa. Ga abin da zai kwantar miki da hankali: ƙwayar ba ta iya kama mutum sai ta yi kwana 1 zuwa 5 a cikin kashin. In ana kwashe shi kullum, an tare mafi yawan haɗarin. Kyanwa tana samunta ne daga ɓera, tsuntsu ko ɗanyen nama, mutane kuma da yawa daga naman da bai dahu sosai ba suke ɗauka, ko ganyen da ba a wanke ba, ko ƙasar da suka taɓa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ba ta cewa mai ciki ko mai raunin garkuwa ta rabu da kyanwarta. Abin da take cewa shi ne wani ya riƙa kwashe kashin, in babu sai a sa safar hannu a wanke hannu da sabulu, a tsare kyanwar a gida, kada a ba ta ɗanyen nama. Ki ƙara da waɗannan: a yi mata maganin ƙuma, don ƙuma ce ke yaɗa cutar da ake samu daga yakushi, amma wanda aka yi don kyanwa kaɗai, saboda na kare mai sinadarin fametirin yana kashe ta. In ta yakushe ki, ki wanke da ruwa da sabulu nan take. In cizo ne ki ga likita a ranar, haƙoranta sirara ne, suna cusa ƙwayar cuta can ciki. Kuma duk ranar da zafin jikinki ya kai digiri 38, ko da kyanwa ko babu, kada ki zauna kina jira ya sauka.

Maganar raba magani kuwa, ki daina daga yau, don Allah. Kina cutar da kanki da ita a lokaci guda: ke kina rage abin da jikinki ya dogara da shi, ita kuma tana samun awon da ba a auna da nauyinta ba. Yadda ba a yanke miki shi farat ɗaya, haka ita ma, don haka ki riƙa karɓo nata mako guda kafin ya ƙare. Abin da ya fi tsorata ni shi ne hannu ya saba. Ranar da kika ga tana jin jiki za ki iya miƙa mata farasitamol da kyakkyawar niyya, alhali hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Aibufurofen yana lalata mata ƙoda da ciki. Azatayofirin, wanda mai yiwuwa a rubuta miki nan gaba, yana kashe ɓargon kyanwa. Ki samu mazubi biyu masu launi daban, a wuri daban, naki a inda ba za ta kai ba. Ki sa ido a kan shan ruwanta da fitsarinta, in suka ƙaru sosai ki mayar da ita, don firednisolon yana iya jawo wa kyanwa ciwon sukari. Albishir ɗin shi ne yawancin kyanwoyi masu femfigus suna jin magani, ɓawon ya tafi a rage awon, ko da wasu sai sun ci gaba da ɗan kaɗan na dogon lokaci. In aka sauya mata zuwa kulorambusil, ki gaya wa likitan kina neman ciki, don ba maganin da za ki taɓa da hannu ba ne.

Akwai wani abu da ku biyun yake yi wa amfani: rage shiga rana mai zafi. Hasken rana yana tayar da lufus, a fata da cikin jiki, don haka laima, sutura mai rufe jiki da man kariya daga rana suna cikin maganinki. Ita ma a hana ta kwanciya a tsakiyar rana. Sannan in wani ya kawo miki haɗin da aka ce yana ƙara garkuwar jiki, ki yi godiya ki ajiye har ki nuna wa likita. Garkuwarki ba ƙari take nema ba, lallashi take nema.

Yanzu maigida. Ki sake karanta maganarsa: ba zai iya jinyar mutum da ta dabba ba. Ni a nan gajiya na ji da tsoro, ban ji ƙiyayya ba. Mutumin nan ya ga matarsa a kwance wata da watanni, ya rasa cikin da yake sa rai, an gaya masa ciwon ba ya warkewa sai dai a lallaɓa shi, babu abin da zai iya yi da hannunsa. Sai ga abu guda da aka nuna masa aka ce in ka fitar da wannan za ta warke. Dole ya riƙe shi. Kuma in shi ke ɗaukar nauyin magani da zirga-zirgar asibiti biyu, ƙorafinsa yana da tushe, kada ki share shi. Don haka kada ki sa maganar ta zama ko ni da kyanwata ko kai. Ki zaɓi lokacin da hankalinsa yake kwance, ki fara da abin da bai sani ba: ki gaya masa kin yi wasa da magani, ƙafarki tana kumbura, kina tsoro, kina so ya raka ki asibiti. A can ki bar shi ya yi wa likita tambayar da bakinsa, ko kyanwa tana jawo lufus, ko fitar da ita zai sa ki warke. Abin da ya ji daga likita zai zauna masa fiye da wanda ya ji daga gare ki, kuma zai samu aikin yi na gaske, kamar tuna miki da magani da riƙe ranakun gwaji.

Daga nan sai ki kawo naki sassaucin tun kafin a nema. Kyanwa ta daina hawa gado, ta daina shiga inda ake girki, a mayar da wurin kashinta nesa, ki nemi wanda zai riƙa kwashewa, ki faɗi yadda za ki rage masa nauyin jinyarta. Ki roƙe shi ya mayar da wa'adin ƙarshen wata zuwa wata uku, a ga yadda gwajinki da fatarta za su kasance. Mutum ya fi saurin yarda da ɗage wa'adi a kan janye magana.

Mama kuwa, kada ki yi musu da ita, kuma kada ki kai mata takardar likita da kanki kamar mai kafa hujja. Ɗanta ne zai yi mata bayani, a cikin ladabi, shi ya san ta inda ake shigar mata. Ke naki shi ne ki gode mata da damuwar da take yi da lafiyarki, ki nuna mata matakan tsaftar da kika ɗauka saboda maganarta. Jika take so, kuma ɓarin nan ya taɓa ta ita ma. In ta ga an ɗauki tsoronta da muhimmanci, rabin faɗan ya mutu.

In duk an yi wannan maigida bai sauko ba, ko kuma gwaji ya nuna ƙodarki tana buƙatar magani mai ƙarfi har ba ki da kuzarin kula da wata, to ba cin amana ba ne ki danƙa kyanwar a hannun 'yar uwa ko ƙawar da kika yarda da ita, da maganinta da takardar awonta da lambar likitanta, ki riƙa zuwa kina ganin ta. Zan fi so ta zauna tare da ke, don na san abin da ta zame miki a watannin kwanciya, kuma kwanciyar hankali tana cikin jinyar mai lufus. Amma aurenki da ƙodarki suna gaba. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne a kai ta wani wuri a yar. Dabbar da ta yi wata uku a kan firednisolon, aka yanke mata shi rana ɗaya aka bar ta a waje da fata a buɗe, wahala za ta sha kafin ta mutu. Ki faɗa wa maigida wannan a fili, ina kyautata zaton ba abin da yake nufi ke nan ba.

Saura maganar ciki, kuma Allah ya mayar miki da alheri a kan wanda kika rasa. Mata masu lufus suna haihuwa lafiya, da yawansu, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da likitoci ke so shi ne ciwon ya yi aƙalla wata shida a kwance kafin a ɗauki ciki, musamman in ya taɓa ƙoda. Yanzu ba lokacinsa ba ne, don haka ki tambayi hanyar tazara da ta dace da ke, saboda ƙwayoyin da ke da sinadarin istirojin ba su dace da kowace mai lufus ba. Ki nemi a yi miki gwajin antifosfolifid. Wasu sinadaran garkuwa ne da ke sa jini daskarewa a mahaifa, suna cikin sanannun dalilan ɓari a wajen masu lufus, kuma akwai maganin da ake bayarwa lokacin ciki in an same su. A duba anti-Ro ma, shi ma wani sinadarin garkuwa ne, don in akwai shi ana bibiyar bugun zuciyar jariri tun yana ciki. Haidiroksikulorokwin ana ci gaba da shan sa har cikin ciki da shayarwa. Magungunan metotirekzet da maikofenolet kuwa suna illa ga ɗan tayi, dole a sauya su tun kafin a ɗauka, don haka duk likitan da zai rubuta miki sabon magani ki gaya masa kina da niyyar haihuwa. In kina so, a haɗa da gwajin jini na tokzofilazma, kowa ya ga sakamakon da idonsa.

Ki samu ɗan littafi, gaba naki baya na kyanwa. Kullum ki rubuta abin da aka sha, awon da aka sha, da abin da kika gani a jiki: kumburi, zazzaɓi, ciwon gaɓa, sabon ɓawo, yawan shan ruwa. Wannan ciwo tashi yake ya kwanta, kuma ranar ganin likita mutum yakan manta makonnin da suka wuce. Ki riƙa tafiya da shi duk asibitin da za ki, na mutane da na dabbobi.

A shekarun 1950 kusan rabin waɗanda aka gano suna da lufus ba sa wuce shekara biyar. Yau, inda ake samun kulawa kuma ake shan magani, fiye da tara cikin goma suna wuce shekara goma, da yawa suna tsufa da jikokinsu. Ina so ki kasance cikinsu, ƙanwata. Gobe da safe ki sha firednisolon ɗinki yadda aka rubuta, ki kwashi kwalayen magungunan duka, har wanda kika ajiye, ki tafi da su asibiti. In sakamakon fitsarin ya fito ki rubuto min abin da likita ya ce, ki gaya min kuma yadda kunnuwan kyanwar suke. Allah ya ba ku lafiya, ya daidaita tsakaninki da maigida.